Rabon Mukullai a Asibitin Rafin Ɗinya

Shekara goma sha ɗaya Hajiya Hure tana shugabancin ma'aikatan jinya a ƙaramin asibitin Rafin Ɗinya, kuma duk tsawon shekarun nan mukullan asibitin suna ɗaure a haɓar mayafinta. Ko auduga za ka ɗiba, sai ka nemo ta. Ana nan aka tura ta Kano bitar kwana uku, ta dawo da jaka mai tambari da magana ɗaya: shugaba nagari ba ya riƙe komai shi kaɗai, raba aiki yake yi.

Ba ta ɓata lokaci ba. Ta tara ma'aikata a inuwar darbejiya, ta kwance mukullan, ta raba su bisa girma kamar ana kasa naman watanda. Malam Sabo ya fi kowa daɗewa, aka ba shi na sito. Aina'u da ke bi masa ta samu na kwaɗon firjin da ke cikin siton. Ramlat kuwa, nas ɗin da ba ta cika shekara biyu da zuwa ba, rabonta shi ne mukullin durowar rajista.

To, mutanenmu in ka danƙa wa mutum abu a bainar jama'a, ba aiki ka ba shi ba, naɗi ka yi masa. Kafin mako ya zagayo masu shara suna kiran Malam Sabo da Sarkin Sito, shi kuma yana amsawa da jinjina. Aina'u ta zura wa nata zare ta rataya a wuya. Wa zai rataye sarautarsa a ƙusa ya tafi gida?

Wata safiya da kaka, ana tsakiyar cirar gyaɗa, Ramlat ce kaɗai a ɗakin marasa lafiya. Da hantsi wani magidanci mai suna Muntaka ya shigo a babur, wansa Bala yana ɗaure a bayansa da rawani. Kububuwa ce ta sari Bala a ƙafa tun da sassafe, yana ɗaga karan gyaɗa. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, kuma in ya tofar da yawu sai ka ga ja.

Ramlat ta kwantar da shi, ta kwance tsumman da aka ɗaure masa, ta ɗebi jininsa a kwalba ta ajiye a kan taga. In minti ashirin ya cika jinin bai daskare ba, dafi ya shiga jiki, kuma ba abin da zai tsayar da zubar jinin sai allurar sarar maciji. Allurar tana nan. Tana cikin firji, firji yana cikin sito.

Ta kira Malam Sabo. Hayaniyar kasuwar Ɗanbatta ce ta fara amsa mata.

"Sista, ai yau hutuna ne. Ga ni a tasha da akuya, saura mutum biyar mota ta cika. Ki ce da shi ya daure, kafin azahar na iso."

Ta kira Aina'u, wadda ta tafi suna Makoda.

"Wayyo, Allah ya sawwaƙe! Yanzu za a raba abinci, da an gama ina hanya."

Ramlat ta nufi ofis. Ta tarar da Hajiya Hure ta shimfiɗa kwali a tebur, tana zana sunayen ma'aikata a cikin akwatuna, kowa da kibiya.

"Hajiya, ina mukullan ajiya?"

"Na haɗa wa kowa da nasa. Malamin bita ya ce wanda ya ba da aiki ya ɓoye rabi, bai bayar ba."

"To a fasa ƙofar."

Hajiya ta ajiye alƙalami, ta dube ta da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda bai je bita ba.

"'Yar nan, sito hurumin Malam Sabo ne. In na sa baki na yi katsalandan. Da can haka nake, an kuwa nuna mana illarsa a majigi."

"Hajiya, dasashinsa jini yake yi."

"Kin shigar da shi rajista?"

"Ban shigar ba."

"Kin gani ko? Naki aikin yana nan kwance, kina leƙen na wasu."

Ramlat ta fice daga ofishin. Ta koma ta karkata kwalbar, jinin ya gangaro tsararo kamar ruwan zoɓo. Bala ya bi ta da ido.

"Malama, in mutuwa ce ki faɗa mini, in bar wa Muntaka sallahu."

"Baba, ajiye sallahunka tukuna."

Ta fita ta zare fartanyar da ke ɗaure a babur ɗin. Muntaka ya biyo ta yana waige.

"Malama, kayan gwamnati ne fa. Ba za a kama ni ba?"

"Ni za a kama. Kai dai tokare mini ƙofar nan."

Sara uku kwaɗon sito ya faɗi. Na firji bai ko kai biyu ba. A ciki, gorunan kunun ayar Aina'u ne a sahun gaba, sun yi sanyi ƙalau. Sai da ta kawar da su ta kai ga kwalaben allura a can ƙurya.

Ƙarar ta fito da Hajiya tana salati, tana ambaton takardar tuhuma. Ramlat ba ta ɗago ba. Ta haɗa allurar a ledar ƙarin ruwa, amma jijiyar Bala ta ɓuya. Ta soka sau biyu ba ta samu ba, kuma duk inda ta soka jini ne ke tsattsafowa.

"Hajiya, zo ki sa mini wannan. Hannunki ya fi nawa."

"Ni kike aika?"

"Raba aiki nake yi, Hajiya."

Hajiya Hure ta dubi hannun Bala. Ta yar da mayafi a kan kujera, ta durƙusa, ta shafa bayan hannunsa da babban yatsa. Sau ɗaya ta soka ta samu jijiyar. Nan ta zauna tana ƙirga bugun jininsa, tana daidaita ɗigon ruwan, har ledar ta ƙare. Kwalin ofis bai sake ganin ta ba ranar.

Bayan azahar Malam Sabo ya iso yana jan akuyarsa. Ya daɗe tsaye a bakin sito yana juya karyayyen kwaɗo a tafin hannu.

"Ko ɗan jira ba a yi mini ba. Wannan ai cin fuska ne."

"Je ka ɗaure akuyarka, Sarki," in ji Hajiya, "tana cin bandeji."

Da la'asar sakaliya Ramlat ta sake ɗibar jinin Bala. Su uku suka tsaya a bakin taga, ita da Hajiya da Muntaka, idonsu a kan agogon bango. Da minti ashirin ya cika ta kifa kwalbar. Jinin ya tsaya cak, ko ɗigo bai sauko ba.

Muntaka ya zube yana hamdala. Hajiya Hure ta gyara mayafinta, ta yi gyaran murya.

"Kin ga amfanin bita ke nan. Gobe ki kawo mini bayanin kwaɗo biyu a rubuce."

"To, Hajiya."

Daga kan gado Bala ya ɗago kai.

"Muntaka, gyaɗar nan fa a baje muka bar ta. Maza kafin awaki su riga ka."