Muryar Kurayen Sa'idu

Sa'idu yana da shagon tura finafinai a bakin kasuwar Warra, kuma shi yake ɗora wa katun na yara Hausa da bakinsa. A wanda ya fi shiga gari, kuraye ne ke tattake gonar zomaye. Zomayen ya ba su Hausar gari. Kurayen kuwa ya ba su Hausar makiyaya, har da kiran shanu, don ya lura a nan mutane ke faɗuwa da dariya.

Ran kasuwa da hantsi, Dudu, ɗan Yusha'u makiyayi, ya koro maruƙa shan ruwa bakin tabki. Yaran gari suka tare shi suna ihu, "Kura! Ga kura!" Suka yi masa abin da zomaye suka yi wa kuraye a fim, suka hau jifansa. Dutse ya same shi a ido. Sa'idu yana mashigin jiragen ruwa, ya ga hannun da ya yi jifan. Na ɗansa ne, Bashiru.

Bayan azahar Yusha'u ya iso shagon da sanda, jini ya bushe a gaban rigarsa. Bashiru ya riga ya shige ƙarƙashin tebur.

"Idon ya tsiyaye," in ji Yusha'u. "An gan ka bakin ruwa. Wa ya jefe shi?"

"Baffa, zauna ka sha ruwa."

"Ban zo shan ruwa ba. Wa ya jefe shi?"

Mutane suka taru. Salisu mai kifi ya ce, "Haba Baffa, yara ne, wasa ne ya yi tsami."

Sanda ta sauka a kan kwamfuta, gilashi ya watse. Sa'idu ya hangi ƙafar ɗansa ta leƙo a gefen tebur.

"Ni na jefe shi," ya ce.

"Kai? Da gemunka?" Yusha'u ya yi tsaki, ya fara dube-duben cikin shago.

Sai Sa'idu ya maƙe murya. Ya yi maganar babbar kura, ya ja kiran shanun nan har ƙarshe, yana kallon mutumin ido cikin ido. Wani a baya ya tuntsire da dariya, don bakinsa ya saba.

Dukan Yusha'u na farko a baki ya sami Sa'idu. Na biyu ya kai shi ƙasa. Sai da maza suka rirriƙe Yusha'u, suka fitar da shi yana kuka. Bai sake tambayar kowa komai ba.

Bashiru ya rarrafo, ya tarar da ubansa yana tofar da haƙora a tafin hannu.

"Baba, don mi ka ce kai ne? Ai ƙarya ce."

Sa'idu ya so ya ce masa e, ƙarya ce. Ya kasa, kuma ba ciwon bakin kaɗai ya hana shi ba.