An Gama Gyaran Bindigar

"Riƙe da kyau, Malam. Ko littafi kaɗai hannun nan naka ya iya riƙewa?"

Na ƙara damƙe awartakin. Saginbek, maƙwabcina, ya sauke baƙin gilashi a idonsa, ya kawo bakin wutar walda kusa da ɗan guntun alminiyam ɗin. Hannunsa da ke rawa in zai ɗaga kofin shayi, a nan bai ko motsa ba.

Wuyan bindiga ne muke gyarawa, amma ba ta gaske ba. Irin wadda ake ɗura wa ƙwallayen fenti ce, manyan mutane da gemunsu su biya kuɗi su shiga fili su yi ta harbin juna, su fito shuɗi da rawaya suna dariya. Mirlan, ɗan Saginbek tilo, yana da irin wannan fili a gefen Bishkek, babban birnin ƙasarmu. Wani ƙato ya faɗi a kan bindigar da ya fi so, ya tsaga wuyan da ake ɗora tulun ƙwallayen, kuma wai daga waje aka kawo ta, ba a samun kayanta.

Saginbek ya yi soja a Afganistan kafin ya zama mai walda a masana'antar sukarin garinmu, wadda yanzu tantabaru ke zaune a cikinta. Ya ce su an ba su bindiga ta gaske kyauta suna kuka, 'ya'yansu kuma suna biya a harbe su. Ya ce baƙin ƙarfe yana da mutunci, yakan yi ja kafin ya narke, ka san ka ja baya. Alminiyam kuwa fuskarsa ba ta canzawa, kana kallonsa lafiya lau sai ka ga ya zube.

Bai zube ba. Da ya huce, ya bi shi da magagari har tsagar ta ɓace. Daga nan ya naɗe shi a tsohon ɗankwalin marigayiya matarsa, ya tura can ƙarƙashin teburin aikinsa.

"Ba ka ga komai ba," ya ce.

Na gane, don ba yaro ba ne ni. Mirlan ya fi shekara bai taka ƙofar gidan ba, tafiyar da ba ta kai a sha butar shayi biyu ba, sai da bindigarsa ta karye. Ranar da ya kawo ta har ya zauna ya ci burodi. Asabar ta gaba ya dawo, uban ya nuna masa wani tarkace daban, ya ce sai an samo sandar walda ta musamman. Bayan wannan Mirlan ya ga waya ta fi sauƙi. Duk mako yakan kira ya tambayi wuyan, wani lokacin a ƙarshe ya tambayi lafiya. Saginbek yakan ja maganar, ya yi ta bayanin zafin wuta, don dai muryar ta daɗe a kunnensa.

Na koyar da adabi har idona ya gaji, na karanta abin da aka rubuta da yawa a kan uba da ɗa. Ban taɓa cin karo da inda aka ambaci kayan gyara ba. Ni da matata Burul ba mu haihu ba, kuma na daɗe ina ganin wannan ne babban rashina bayan ita. Amma ni, ko ba komai, ba na zaman jira kusa da waya.

Na ce masa ya ba yaron kayansa ya huta. Ya ce in ya ce an gama, Mirlan zai zo sau ɗaya, ya ɗauka, shi ke nan. Gara a ajiye wannan zuwan sai an matsu.

Da kaka ta shigo, ana tsinkar tuffa, numfashinsa ya fara gajarta. Likita ya ce zuciya ce. Matsalar ita ce Saginbek ya riga ya kashe wannan uzurin. Sau biyu a baya ya sa a ce wa ɗansa ba shi da lafiya, kuma a na biyun Mirlan ya iso a guje ya same shi a kan rufin ɗaki yana buga ƙusa.

Wata Juma'a da safe ƙanwarsa Batma, wadda ke zuwa ta dafa masa abinci, ta kira ni ta kan shinge. Na same shi kwance, an juya masa gado yana fuskantar tagar da ke kallon ƙofar gida.

"Kira shi," ya ce.

"In ce an gama?"

Ya girgiza kai. "A'a. Ka ce ni ne."

Na fita tsakar gida na kira. Ana ta ihu da ƙarar harbi a bayan muryar Mirlan. Ya gaishe ni da ladabi, don yaron bai taɓa rasa ladabi ba. Ya ce ma'aikatan wani banki sun kama filin yau da gobe, sai Lahadi. Sannan ya yi 'yar dariya.

"Malam, tsakani da Allah, yana kan rufi ko yana ƙasa?"

Na koma na ce wa Saginbek yana hanya. Ya dube ni ya daɗe.

"Walda ba ka iya ba," ya ce, "ƙarya ma ba ka iya ba."

Ya mayar da idonsa kan tagar. Ana dawowa daga masallaci Batma ta fara kuka, fuskarsa kuwa ba ta canza ba.

Kafin la'asar maza sun kafa bukkar ulu a tsakar gidan, sun shigar da gawarsa bayan labule. An kashe wutar murhun gidansa, don ba a girki a gidan mutuwa, mata suka cika kicin ɗina suna suyar borsok, ƙananan fankenmu, karo na farko da aka yi hayaniya a wurin tun bayan Burul. Tsoho Jumabai, dattijon layinmu, ya ce in sake kiran ɗan. Ba sai ya tuna mini ba. A wurinmu ba a jefa wa mutum mutuwar ubansa ta waya. Cewa ake jiki ya yi tsanani, ya taho yanzu, sai ya iso dattawa su tare shi su faɗa masa a tsaye, hannunsu a kafaɗarsa. Duk wanda ya tashi a layin nan, in maƙwabci ya kira shi sau biyu a yini da wannan magana, kuka yake fara yi tun a mota.

Na faɗa masa daidai yadda ake faɗa.

"Ai ɗazu ma ka faɗa, Malam. Lahadi, in Allah ya yarda. Ka ce ya sha maganinsa."

Ya kashe. Jumabai ya fara neman wanda zai shiga mota ya je ya ɗauko shi. Ni kuwa na sake danna lambar.

"Na manta," na ce. "An gama gyaran bindigar."

"Haba? Ga ni nan."

Rana ba ta faɗi ba ya iso. A al'adarmu ɗan mamaci yakan sauka tun daga bakin layi, ya taho yana kururuwa yana kiran ubansa, mazan da ke tsaye a jikin bukkar su amsa masa. Mirlan ya tsaya da kiɗa a motarsa, ya fito da ƙatuwar kankana a hammata, tukuicin mai gyara. Ya yi taku kaɗan ya ga dokin da aka ɗaure don yanka, kamar yadda muke yi in an yi rasuwa. Ya ga hayaƙi daga gidana. Sannan ya ga bukkar.

Jumabai ya isa gare shi ya dafa shi. Mirlan bai yar da kankanar ba. Ya yi ta waige yana neman inda zai ajiye ta, har sai da na je na karɓa. Daga nan ya yi kuka, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, kuka ne na gaske. Shi ya shiga kabari ya kwantar da ubansa da hannunsa.

Bayan an watse na kai shi rumfar aikin, na jawo ɗankwalin na ba shi. Ya yi ta shafa wuyan da babban yatsa yana neman inda aka haɗa, bai samu ba. Ya tambaye ni yaushe aka gama.

"Washegarin da ka kawo."

Ya mayar da shi cikin ɗankwalin ya naɗe a hankali, ya sa a aljihun ƙirji, ya fita.

Kankanar tana nan inda na ajiye ta, a kan teburin, kusa da magagarin. Batma ta ƙi taɓa ta, ni ma ban yanka ba. Daga tagata ina hango ta, gefe ɗaya ya fara lotsawa.