Safar Hannun Haladu

Othniel gola na biyu ne a kulob ɗin ƙwallon Luggere. Ba a saka shi sai Haladu, golan farko, ya ji ciwo. Kullum yana benci yana ƙunƙuni: "Allah, ka ba ni wurin nan."

Ranar da 'yan Boko Haram suka shiga Mubi, Haladu ya miƙa masa safar hannunsa. "Riƙe mini raga, abokina. Zan je in ɗauko tsohuwata in dawo."

Haladu bai dawo ba. Othniel ya tsare ragar shekara da shekaru, har gwiwoyinsa suka gaza. Yanzu yara yake koya wa ƙwallo a Dubeli. Duk wanda ya kira shi lamba ɗaya, sai ya haɗe rai.

"Ni na biyu ne. Mai wurin bai dawo ba tukuna."