Rakiyar Munira

Ana tsakiyar tafi wayar Munira ta fara ruri a jakarta. Tana tsaye a gaban jama'a, a wani zaure kusa da fadar Manhyia a Kumasi, an yafa mata farin mayafi mai aikin zinariya, mai sanarwa yana ta zayyano alherinta: ita ta samar wa mata masu dakon kaya a kasuwar Adum wurin kwana, ita ke raka su ofis-ofis har a saurare su. Ta juya baya ta kara wayar a kunne.

"Anti, ki zo!" Hikma ce, babbar matan gidan kwanan. "Alhaji Abass ya kawo kafinta, yana cire kwanon rufi. Fatu na ɗaki da jaririnta, ga hadari ya haɗo."

Haka wasu masu gida ke yi idan suna son mutum ya tashi ba tare da kotu ba: su yaye rufin, su bar wa ruwan sama sauran aikin. Mahaifin Alhaji Abass ne ya ba matan gidan, amma tun da tsohon ya rasu ɗan ke mafarkin kantuna a wurin. Babu ƙofar da Munira ba ta durƙusa ba. Liman ya ce za a duba, Magajiya, shugabar matan unguwa, ta ce a yi haƙuri. Ga su nan duka a layin gaba, suna yi mata tafi.

A Zongo, unguwarsu, wanda aka karrama ba ya komawa shi kaɗai. Da ganga ake raka shi har gida, manya su shiga ɗakinsa su zauna, su yi addu'a, sannan a watse. Tun safe mahaifiyar Munira ta dafa shinkafa da wake tana jiran baƙi.

"To amaryar yau, ja mu gida," in ji Magajiya, ta riƙo hannunta.

Munira ta wuce gaba. Da suka iso mararraba ba ta karya dama ba, sai ta yi hagu.

"Ke! Ba nan ce hanyar uwarki ba!"

"Gida kika ce, Hajiya. Gida za ni."

Tun daga bakin lungu suka ji kukan kwano ana ɓanɓararsa. Matan sun fito da kwanonin dakonsu da ƙullin tsummokara, sun yi cirko-cirko a tsakar gida. Ganga ta yi shiru. Munira ta ɗaga kai: Tahiru ne a kan rufin, Tahirun da ke jiranta kullum a tashar motocin haya na trotro, wanda iyayensa suka kai goron neman aurenta gidansu.

"Kai ne?"

"Munira, wallahi ce min aka yi kwanon ya ruɓe, sabo za a sa."

"Ina sabon?"

Ya waiwaya hagu da dama, ya sunkuyar da kai.

Alhaji Abass ya fito daga inuwa yana gyara hula. "Gidan ubana ne, Malam. Na kira wani biki nan?"

Munira ba ta kula shi ba. Ta zube a gaban Liman, hawaye na ɗiga a kan sabon mayafin. "Malam, kun rako ni. Ga ɗakina can. Ba za ku shiga ku yi min addu'a ba? Ko ni ban kai a cika min al'ada ba?"

Liman ya dubi Magajiya, ya dubi samaniya da ta yi baƙi ƙirin. Sai ya cire takalmansa. Ya shiga ɗakin Fatu, inda rabin rufin ya tafi, ya zauna a kan tabarma kusa da mai jegon. Dattawa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, suna tattare manyan rigunansu. Ɗigon farko ya sauka a rawanin Liman. Bai motsa ba.

"Alhaji," Magajiya ta ce daga bakin ƙofa, "a kan Liman za ka ci gaba da yayewa? Ci gaba mana, duk Zongo na kallo."

"Har damina ta wuce," Alhaji Abass ya ce da ƙyar. "Bayan nan kar kowa ya zo min da ganga."

Har damina ta wuce. Munira ta ji maganar ta tsaya mata a ƙirji, don ta san damina ba ta daɗewa, ta kuma san wannan dabarar ba za ta ci sau biyu ba. Ta cire mayafin ta lulluɓe jaririn da shi. A sama Tahiru ya jawo kwanon da ya cire, ruwa na dukan bayansa, ya fara bugawa.

Liman ya ɗaga hannu zai shafa. Munira ta kamo gefen rigarsa.

"Malam, don Allah kar ka shafa tukuna. Ja addu'ar, har sai ya buga ƙusa ta ƙarshe."