Yatsu Biyu a Wuyan Hannu

"Ke da kike karatun likita, taɓa min shi ki gani," in ji Gwaggo, tana jan Auta har cikin shagon.

Ba karatun likita Auta take yi ba, aji biyar take a sakandare. Amma a wurin Gwaggo, duk mai yawo da littafin da aka zana zuciya a bangonsa likita ne. Mijin Gwaggo kuwa, Baba mai gyaran rediyo, maƙwabcinsu Auta tun kafin a haife ta, ga shi kwance tsakanin benci da kwalin tsofaffin batura, takalmi ɗaya ya fice. Ƙarfen da yake liƙe waya da shi yana ta hayaƙi a kan tebur.

A wannan bencin Auta take zama kullum da la'asar ta karanto masa darasin kimiyya da ka. Wajen hadda ba ta da na biyu a ajinsu, sai dai in aka tare ta a tsakiyar shafi, dole ta koma farko. Baba yakan tsokane ta da cewa ita kaset ce, ba ta san tsallake ba. Sau nawa ya ce ta rufe littafin ta nuna masa abin a jikinta! Ita kuma ta yi dariya ta ce a jarrabawa ba a tambayar wannan.

Auta ta durƙusa kusa da shi. Ta san akwai shafin bugun jini, ta san har da zanen hannu a gefensa, amma abin da ake yi ya ɓace mata ɓat. Sai ta damƙi wuyan hannunsa, ta danna da babban yatsa, ta kama shafin tun daga layin farko, leɓɓanta na motsi.

Ta ji shi. Dal, dal, dal, da sauri, da ƙarfi.

"Yana bugawa, Gwaggo. Yana da rai."

Gwaggo ta yi hamdala da kuka a haɗe, ta ce Allah ya yi wa karatu albarka, ta fita a guje neman mota, ko mayafi babu.

Auta ba ta saki hannun ba, bakinta kuma bai tsaya ba, don bai saba tsayawa a tsakiya ba. Ta wuce jijiyoyi, ta wuce adadin bugu a minti ɗaya, ta iso layin ƙarshe, wanda ta rubuta a jarrabawa ta ci maki cikakke. Kada a yi amfani da babban yatsa, domin yana da nasa bugun, mai aunawa zai iya jin na kansa.

Wata shida layin nan yana kanta, sai yau ta ji abin da yake faɗa. Ta ji kamar ta bar yatsan a inda yake har motar ta zo, wani ya faɗa ba ita ba. Tsoro ya hana ta ɗagawa, tsoro kuma ya hana ta bari.

A hankali ta ɗauke shi, ta ɗora yatsu biyu kamar yadda aka zana. Ta jira. Ta matsa sama kaɗan, ta koma ɗaya hannun, ta kai gefen wuyansa, ko'ina babu bugu. Jikinsa da ɗumi har yanzu.

"Baba," ta ce ƙasa-ƙasa, "na rufe littafin. Ka ga, na rufe."

Daga bakin layi ta jiyo muryar Gwaggo tana gaya wa direba ya yi sauri, yarinyar ta duba, da sauran numfashi.

Auta ta miƙa hannu ta zare ƙarfen daga wuta, ta mayar masa da takalminsa. Sannan ta zauna a ƙasa kusa da shi tana fuskantar ƙofa, yatsunta biyu a kan wuyan hannunsa.