Takalmi a Kan Buzu

Ni Isiyaku tela ne a Tudun Wada, kuma ni na ɗinka kayan fim ɗin Mubarak. Amma kada wanda ya ɗora mini laifin rawanin nan.

Mubarak kwas ɗin fim na wata shida ya yi, ya dawo yana tauna Turanci kamar goro. Fim ɗinsa na farko tarihin Malam Mahmudu ne, mahaifin kakansa. Sai dai kakan, Malam Nagoda, ya kafa sharaɗi: sai an nuna masa fitowar farko. In bai yarda ba, babu zaure, babu suna, babu fim. To, Malam ya shekara bakwai ba ya gani. Shi ya sa gogan ya shigo yana ɗaga kafaɗa, a ganinsa an gama.

Bayan la'asar muka zauna a zauren. Mubarak ya buɗe kwamfuta, ya kama mu da lacca. Wai hasken da ya faɗo ta gefe ilimi ne yake korar duhu. Ni dai abin da na gani ranar ɗaukar fim ɗin, aci-balbal ce take ci, ga rana tsaka tana leƙowa ta ƙofa. Ɓarnar mai kawai, wai ita fasaha.

"Isiyaku, me aka sa wa ɗan wasan?" in ji Malam.

"Allah gafarta Malam, farar riga da rawani."

Ban ce mai kunne biyu ba ne. Tun ranar ɗauka na gaya wa yaron nan wannan naɗin na 'ya'yan sarauta ne, ba na malamai ba, ya ce ya fi kyau a kyamara. Na haɗiye maganar, don ina jin kunyar uwarsa.

Aka kunna. Zakara ya yi cara, ƙyaure ya yi ƙara, sai ƙwas, ƙwas, ƙwas. Malam ya ɗaga hannu.

"Mayar baya."

Sau uku ana mayarwa, yana karkata kunne.

"Wane ne ya shigo?"

"Malam Mahmudu ke nan, Baba Malam. Zai hau buzunsa ya ba da karatu. Ainihin buzun ma muka shimfiɗa."

"Daga ƙofar nan zuwa buzu taku biyar ne. Na ƙirga bakwai. Biyun ƙarshe a kan buzu suke. Mahaifina ne ya taka wurin karatu da takalmi?"

Mubarak ya yi 'yar dariyar nan tasa ta masu ilimi.

"Ai ɗan wasan ba takalmi a ƙafarsa, ƙin sawa ma ya yi. Ni na ƙara sautin a situdiyo, don a ji kwarjini."

Sakarai, har da waigowa yana jiran in yaba. Wallahi ji na yi kamar in kwaɗa masa almakashi.

Malam ya gyara zama, ya fuskanci Mubarak.

"Wato bare, wanda aka ɗauko aiki, ya san darajar wurin ya tuɓe. Kai da kake jininsa ka zauna ka sa masa." Ya juyo wajena. "Isiyaku, naɗe buzun nan ka kai cikin gida. A fitar da wayoyinsu da kayan fim ɗinsu kafin magariba."

Nan fa Turanci ya ƙare. Mubarak ya durƙusa.

"Baba Malam, minti ɗaya ne in goge shi."

"Ka goge," in ji Malam, yana laluben sandarsa. "Ni na riga na ji."