Kwalli a Wuyan Farar Riga

"Kai ta wajen taga, Yaya. Ki gani da idonki, kada gobe a ce ni na ƙirƙira."

Yaya ta ɗaga rigar da yatsu biyu ta nufi haske. Rigar aikin mijin Auta ce, irin farar nan mai tsawo da masu kantin magani ke ɗorawa a kan kayansu. A gefen wuya, daidai inda kan mace zai kwanta idan ta jingina, wani baƙin zane ya ja layi. Wani dogon silin gashi ya manne a jikinsa.

"Innalillahi! Kwalli ne wannan?"

"Sunsuna kuma."

Yaya ta kai hanci, ta yi baya da sauri tana tari. Turaren mata ne mai hawa kai, an zazzaga shi kamar ba a san ciwonsa ba.

"Ba yau aka fara ba," in ji Auta. "Wata da watanni ina gani ina haɗiyewa. Yau a wuya, gobe a kafaɗa. Ni ba na sa kwalli, kin sani. Wannan turaren kuwa ko kyauta aka ba ni ba zan karɓa ba."

"Kin tambaye shi?"

"In tambaye shi me? Na buga masa waya ɗazu, na ce idan ya tashi aiki kada ya neme ni a gidan nan. Na kashe."

Sai a lokacin Yaya ta lura da akwatin da ke buɗe a kan gado, an cika shi ya kusa rabi. Ta tuno da mijin. Mutumin da ko muryarsa ba ta taɓa ji sama ba, wanda idan ya gaishe ta sai ya rusuna kamar zai ɗauki allura a ƙasa! Lallai mugu ba shi da kama.

"Haɗa sauran," ta ce. "Ba zan bar ki a nan kina ƙonewa ba."

Auta ta share hawaye, idonta ya faɗa kan farin mayafin yayarta. Wata mota ce ta watsa masa taɓo a hanya, don a guje ta fito da aka kira ta.

"Da wannan za ki koma titi? Kawo."

"Ke, aurenki na girgiza kina zancen mayafi?"

Amma tuni ƙanwar ta zare shi. Haka Auta take tun tana ƙarama, ko gobara ake yi sai ta tsaya goge tebur. Ta wuce ɗan lungun da ke bayan kicin, ta yaye rigar da ta ɗinka wa injin wankinta, mai leshi a baki da roba a ciki don kada ƙura ta shiga. Ta jefa mayafin, ta cika cokalin garin sabulu har yana zuba, ta ƙara wani, ta bi da ruwan ƙamshi, ta danna gajeren wanki.

Suka koma ɗaki. Ana ninke zannuwa, ana Allah ya isa. Yaya har ta tsara maganganun da za ta faɗa wa mijin, tana gwada su a kan madubi. Da injin ya yi ƙara alamar ya gama, ita ta je da kanta.

Ihun da ta yi ya sa Auta ta saki takalmin da ke hannunta.

Yaya na tsaye a lungun, ta ware jiƙaƙƙen mayafin da hannu biyu. Taɓon ya fita tas. Amma daga tsakiya zuwa gefe, ga baƙin zane nan ya ja layi. Har da silin gashinsa.

"Auta," ta ce a hankali, "ni wace ce ta jingina da ni?"

Auta ta matso ta ƙura wa layin ido.

"Kuma ji wari! Kamar an tsamo shi daga tsohuwar rijiya." Yaya ta durƙusa gaban injin. "Miƙo min wayarki, kunna fitilar."

Ta sa yatsa ta janye robar da ta zagaye bakin ƙofar injin, inda take da ninki. Su biyun suka yi salati a tare.

Fumfuna ce baƙa ƙirin, ta yi kauri, ta zagaye robar kamar an shafe ta da kwalta. A ƙasan ninkin ruwa ya kwanta, ya yi yauƙi. Cikinsa ga curin gashi, ga maɓalli, ga wani abin da a da can ƙyallen goge hannu ne. Yaya ta dangwalo kaɗan ta ja a bayan hannunta. Layi ya fito siriri, baƙi, ko amarya sai haka.

"Ga budurwar mijinki nan," ta ce. "A gidanki take kwana. Har riga kika ɗinka mata."

Auta ta zame ta zauna daɓas a kan tayil. "A'a. Wallahi a'a. Kullum sai na goge shi! Ina gama wanki nake rufe shi ruf, in lulluɓe!"

"Shi ne ai. Kin kulle shi da jiƙarsa, kin hana shi shan iska, kin kuma ɗura masa sabulun da ya fi ƙarfin cikinsa. Nawa ma ya taɓa soma yi min haka, amma ban taɓa ganin wanda aka yi kiwonsa irin wannan ba." Ta finciko aljihun injin da ake zuba sabulu gaba ɗaya. Bayansa sabulu ya daskare, ya yi kore-kore. Auta ta toshe baki.

"To ni me ya sa ban gani a kayana ba?"

"Kayanki duk masu duhu ne. Wa ke da fari a gidan nan in ba shi ba?"

Haka ne kuwa. Shi yake kwashe fararen rigunansa daga injin da safe ya shanya, shi yake gugarsu, don ya ce ba ya son ɗora mata. Ita sai ya dawo da yamma take ganinsu.

"Amma turaren fa?" Auta ta miƙe zumbur, kamar wadda ta samu abin kamawa. "Inji ba ya fesa turaren mata, Yaya!"

Ƙofar falo ta bugu da bango. Sai ga mijin, yana haki, hular kwano a hannu, farar riga a jikinsa, ko cire ta bai tsaya yi ba. Ƙamshin nan ya riga shi isowa lungun. Ya dubi matarsa, ya dubi akwatin da ake hangowa ta ƙofar ɗaki, sannan ya tuna ya rusuna.

"Yaya, ina wuni. Don Allah me na yi?"

"Ajiye gaisuwar tukuna. Turaren wa ke jikinka?"

Ya yi tsuru-tsuru. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wata 'yar kwalba ruwan hoda, mai murfi kamar fure.

"Nawa ne."

"Naka?" suka haɗa baki.

"Shi kaɗai ne a kantinmu yake iya danne… abin." Ya sunkuyar da kai. "Na gwada na maza, ba sa kai azahar."

"Danne me?" in ji Auta.

"Warin. Rigunan suna ɗan yin wari, Auta. Idan na miƙa magani sai mutum ya ja baya. Abokan aiki har suna suka sa min. Kwaɗo."

"Kwaɗo!" Yaya ta dafe ƙirji.

"Da tabon ma ina gani. Ina gogawa da jiƙaƙƙen tsumma, wani ya fita, wani ya ƙi."

Auta ta zuba masa ido kamar yau ta fara ganinsa. "Wata da watanni kana yawo cikin mutane da wari, ana ce maka Kwaɗo, ba ka faɗa min ba?"

"Ta ina zan fara? Ke da ko cokali sai kin wanke sau biyu. In dube ki in ce wankinki na wari? Na ga gara ni in sha." Ya ɗan ɗago. "Ke me kika zata?"

Auta ta kawar da kai. Ya dubi rigar da ke yashe a ƙasa, da baƙin layin da ke wuyanta, da kwalbar da ke hannunsa. A hankali idanunsa suka buɗe. Hular kwanon ta suɓuce ta gangara ƙarƙashin tebur.

"Ni? Auta, ni?"

Ta rufe fuska da tafukanta, kuka ya ƙwace mata.

"To, ya isa," in ji Yaya, tana naɗe hannun riga. "Allah ya haɗa ku, shi ya san dalili. Ɗaya ya ga tabo ya yi shiru, ɗaya ta ga tabo ta haɗa akwati. Kai, kawo tsohon buroshi da bokiti. Ke, ruwan khal mai tsamin nan da tsumma."

Shi ya goge robar ninki bayan ninki, yana kawar da kai. Auta ta jiƙa aljihun sabulun a ruwan zafi tana kankarewa. Da Yaya ta kwance matacin da ke can ƙasa, baƙin ruwa ya bulbulo cikin faranti, suka sake wani salatin. Daga ƙarshe aka zuba khal, aka sa injin a wanki mafi zafi, ba kaya a ciki.

"Duk wata a yi masa haka," in ji Yaya. "Sabulu kuma daidai awo. An gama wanki, a tsane robar nan."

Da injin ya tsaya, Auta ta tsane shi da kanta. Ta ɗauki rigar leshin ta jujjuya, ta cusa ta can ƙasan kwandon shara. Sannan ta miƙa wa mijinta hannu ba tare da ta dube shi ba. Ya ɗora mata kwalbar. Kwalbar ma ta bi rigar leshin.

"Akwatin fa?" ya tambaya a hankali.

"Ka sauke min shi. Komai na ciki sai an sake wankewa."

Ya saki wata doguwar ajiyar zuciya. Zai wuce, ya ga ƙofar injin a wangale, ya kai hannu don ya tura ta.

"Kada ka kuskura!" suka daka masa tsawa a tare.